Koyar da juyin juya halin masana'antu a sakandare: abin da malamai suka ce

Na tattaro shawarwarin da malamai suka bayar kan yadda za a koyar da wannan darasi, ga su a dunƙule.

1. Kusan kowa ya yarda kada a buɗe darasi da jerin injuna da shekaru. Injin tururin James Watt na 1769 yana da muhimmanci, amma haddacewa ɗalibi zai yi ya manta. A fara da mutum: yarinya 'yar shekara takwas tana rarrafe ƙarƙashin injin kaɗi a birnin Manchester na Birtaniya, tana tsince auduga, injin kuma bai tsaya ba.

2. A ba ɗalibai dokokin aiki na lokacin su karanta da kansu. Dokar Birtaniya ta 1833 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a masaƙu. Ta 1842 ta hana mata, da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10, aiki cikin ramin kwal. Sai a tambaye su: me ake yi a da, har aka ga dole a hana? Wannan ce shawarar da ta fi burge ni.

3. Kada a manta daga ina audugar take: yawancinta bayi suka noma a jihohin kudancin ƙasar Amurka.

4. Inda aka rabu: shin talaka ya ci riba? Wasu sun ce albashi ya ƙaru daga baya, tufafi suka yi araha. Wasu suka kawo cunkoson gidaje da kwalarar 1832. Masu rinjaye sun ce a raba aji biyu su yi muhawara.

5. Wasan kwaikwayo ma an yi ja-in-ja a kansa: wasu na ganin yana sa darasi ya zauna, wasu na tsoron ɗalibai su mai da wahalar mutane abin dariya.