SolidWorks: lambobin notina sun tsallake daga 5 zuwa 31, ya zan yi?

Ɗan Walda:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina zana injin ɓare gyaɗa a SolidWorks, manhajar zanen injina a kwamfuta, noti 12 ne kacal ke riƙe murfin. To amma na yi ta sa su ina gogewa saboda tazarar ramukan ta ƙi zama, yanzu jerin kayan da ke gefen hagu ya koma noti<1>, noti<2>, noti<5>, sai kawai noti<31>, har zuwa noti<43>. Jiya maigidana ya leƙo kwamfutar, idonsa ya faɗa kan 43, ya ce, "Kai yaro, noti arba'in da uku za mu saya wa wannan ɗan murfin?" Na yi bayani har na gaji, bai gamsu ba. Na buɗe akwatin Component Properties, lambar tana nan amma ta ƙi taɓuwa. Akwai hanyar mayar da su 1 zuwa 12 a jere?

Tsohon Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka rabu da su. Wannan lambar ba ƙidaya ba ce, shaida ce da manhajar ke bai wa kowane kwafi don ta bambance shi da 'yan uwansa, tunda duk fayil ɗaya suke. Duba haɗe-haɗenka, wato umarnin da ke manne kaya da juna, za ka ga an rubuta wane gefe na noti<31> ne ya zauna a kan murfi<1>. In kana da lissafi a Equations, nan ma da lambar ake kiran kayan. Shi ya sa ba su bar ta a buɗe ba.

Maigidanka kuwa, ba wannan jerin ya kamata ya gani ba. Fitar masa da takardar zane mai teburin kaya. Can zai ga noti layi ɗaya, adadi 12. Lambobin da ke cikin 'yan da'irorin zanen ma daga teburin suke fitowa, ba ruwansu da 43 ɗinka.

In kuma dole sai kowane noti ya sami sunansa, a wannan akwatin da ka buɗe akwai gurbin Component Reference. Rubuta N1, N2, yadda ka ga dama. Zai fito kusa da sunan a jerin, kuma kana iya sa shi a teburin.

Mai Inventor:
Mu a manhajar Inventor noti:1, noti:2 muke gani, kuma sunan yana gyaruwa, ka danna shi a hankali sau biyu ka rubuta. Manhajar CATIA ma tana bari a canza. Ku ne dai aka ɗaure wa hannu.

Yaya Babba:
Ni na taɓa biye wa wannan ƙaiƙayin. Na buɗe sabon fayil na sake zuba kayan, lambobi suka fito tsaf daga 1. Sai dai duk haɗe-haɗen sai da na sake su da hannu, wuni guda cur, ga zanen da ya riga ya tafi wurin masu walda yana kallon tsohon fayil. Bayan kwana biyu na goge washa ɗaya, giɓi ya dawo.

Tambayata ma: me ya sa kake sa noti 12 ɗaya bayan ɗaya? Sa guda, ka yi wa sauran Pattern, wato manhajar ta kwafa maka su a jere, su taru a wuri ɗaya cikin jerin.

Ɗan Walda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na buga masa teburin da safen nan, ya ga 12, ya yi shiru. Yanzu kuma boris yake tambaya, wai me ya sa guda huɗu.