Bututun gas zai ratsa gona: mene ne haƙƙin mai ita?

Manomin Bunguɗu: Jama'a, idan aka kafa turaku a gonar gado, aka ce bututu zai bi ta ciki, mai gona na iya hanawa?

Ɗan Gusau: Hanawa da wuya, Malam. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, sashe na 28 ya ba shi ikon karɓar fili don shimfiɗa bututu. Haƙƙinka diyya ce, sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ce a biya ba jinkiri, kuma kana iya zuwa kotu. Masu awo ma sai sun ba da sanarwar kwana 14 kafin su shiga gonar da aka noma.

Hajiya Mai Lissafi: Ranar ƙidaya ake yin asara. Abin da ke kan ƙasar ake biya: shuka, ɗorawa, mangwaro, rijiya, shinge. Ka tsaya a ƙirga a gabanka, ka ɗauki hoto, ka karɓi kwafi. Kada ka sa hannu a takardar da babu adadi.

Ɗan Gusau: Gonar gado kuwa, magada su naɗa wakili a rubuce, mai gari ya shaida. In ba haka ba, wanda aka ba aron gonar ya karɓe kuɗin.