Neman kalma: bam ɗin da aikinsa tada gobara

Mai Fassara: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 8 na safe zan miƙa fassarar wani shirin rediyo kan fastocin da gwamnatin Birtaniya ta manna a Yaƙin Duniya na Biyu, masu koya wa jama'a kashe wutar "incendiary bomb". Shi ba rusa gini yake yi ba. Na Jamus kilo 1 ne kacal, jikinsa na magnesiyam, yakan huda rufi ya kama ci da wuta. Irinsu ne suka babbake tsakiyar Landan daren 29 ga Disamba 1940. Me zan kira shi?

Bazazzagiya: Wa alaikumus salam. Bam mai tada gobara.

Ɗan Damagaram: Ko nakiyar wuta.

Bazazzagiya: Nakiya binne ta ake yi ko a fasa dutse da ita. Wannan daga jirgi yake faɗowa.

Malamin Hausa: 'Ya'yana, har yaushe za mu riƙa jingina da "bam"? Ni na daɗe ina cewa cinnaka. Ƙanƙane ne, cizonsa kamar wuta, kuma ga tushen "cinna" a ciki. Wace kalma ta fi wannan dacewa?

Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi daɗi, amma mai sauraro zai ɗauka ƙwari ne suka afka wa Landan.

Malamin Hausa: Sai ka koya masa! Haka "jirgin sama" ya zauna a bakin mutane. Mu ne muke raina harshenmu.

Ɗan Damagaram: Gaskiya ku 'yan Najeriya kun cika aro. Kuma mu nan "bom" muke cewa.

Bazazzagiya: To bom ɗin daga ina kuka samo shi, ba Faransanci ba?

Mai Fassara: Don Allah dare na yi. Ga wata kuma, "stirrup pump": ana tsoma shi a bokiti, a taka ƙarfensa da ƙafa, ɗaya na bugawa, ɗaya na riƙe da tiyo, na uku na ɗebo ruwa. Sheƙa wa bam ɗin bokiti guda tarwatsa wutar yake yi, shi ya sa ake fesawa ko a zuba yashi.

Malamin Hausa: Famfon likkafa. Ƙarfen da ake takawa ai likkafa ce.

Mai Fassara: Wannan na karɓa, Malam, na gode. Na farkon kuwa zan sa "bam mai tada gobara".

Malamin Hausa: Sa abinka. Ni dai a ajina cinnaka ne.