An toshe fim a Nijar, yana buɗewa a Najeriya: ina mafita?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum malamai. Gajeren fim ɗina ne kan dukawan Sakkwato, an sa daƙiƙa (sakan) 40 na faifan wani makaɗi da ya rasu a ƙarƙashin hoton masu ɗinkin fata. A nan YouTube na buɗe shi, amma 'yan'uwa a Birnin Ƙonni sun ce a toshe yake. Tunda na ilimantarwa ne, ba a ɗaga ƙafa?

Edita Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Aikin Content ID ne, tsarin YouTube na gano kayan da ke da haƙƙin mallaka: yana gwada sautinka da faifan da mai haƙƙi ya ajiye, shi kuma mai haƙƙin ke zaɓar ƙasashen da za a toshe. Ka lura haƙƙi biyu ne a nan. Na waƙar kanta, a dokar Najeriya, yana kai shekara 70 bayan rasuwar mai ita, magada ke riƙe da shi. Na faifan kuwa shekara 50 ne, kuma galibi yana hannun wanda ya ɗauka. Zancen "ƙasa da daƙiƙa 10 ba laifi" ba ya cikin kowace doka.

Malama Arkilla: Ɗan'uwa, sassaucin da kake nufi dokar Amurka ta 1976 ce, ba ya bin fim ya tsallaka iyakar Illela. Dokarmu ta 2022 tana da nata, Nijar ma da nata. Abin da ake dubawa a dokarmu shi ne manufar amfanin, yawan abin da aka ɗiba, da ko ya taɓa kasuwar mai shi. Da fim ɗin na sharhi ne kan waƙar, ana tsayawa a bayyana baitukanta, da kana da hujja. Amma kiɗan da aka sa don ya ƙawata hoto kawai, hujjarsa ba ta da ƙarfi.

Edita Runjin Sambo: Haka ne Malama. Mafi sauƙi, ka shiga YouTube Studio, shafin da ake sarrafa bidiyon da aka ɗora, ka kashe sautin wurin ko ka musanya shi. In kuwa ka ƙalubalanci toshewar, mai haƙƙi na da kwana 30 ya amsa, kuma yana iya neman a sauke fim ɗin gaba ɗaya, a yi maka gargaɗi na kwana 90. Gargaɗi uku suka haɗu, an rufe tashar.

In waƙar ta zama dole, ka nemi izini a rubuce daga magada da mai faifan. Takardar ta faɗi daƙiƙa nawa, shekara nawa, waɗanne dandamali, sannan a rubuta "duk duniya" ƙarara. Wannan kalmar ce aka fi mantawa.