Masu shuka lablab da sitailo, me kuka tarar a jikin saiwa?

Mai turka, Giwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bana na shuka lablab, wani dangin wake da ake nomawa don harawa, a gonar bayan gida saboda raguna da shanun turka. An ce mini irin wannan shuka da kanta take haɗa takinta, wai akwai 'yan ƙuraje a jikin saiwarta masu jawo naitirojin, abincin shuka irin wanda ke cikin takin yuriya, daga iska. Yanzu ta wuce wata ɗaya, ganyen ya ɗan koɗe, na tumɓuke kaɗan ban ga ƙurajen ba sai ɗai-ɗai. Don Allah wanda ya taɓa shuka lablab, sitailo (shi ma shukar kiwo ce dangin wake) ko waken harawa ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Mai noman harawa, Bichi:
Wa alaikumus salam. Malam, ba a tumɓukewa. In ka fizgo shukar, ƙurajen a cikin ƙasa suke tsinkewa su zauna. Ni da fartanya nake sara gefe da gefe, in ɗago saiwar da ƙasarta, in jiƙa a bokitin ruwa har ƙasar ta sake. Sai in sa reza in tsaga ƙurji ɗaya. In cikinsa ja ne ko jaja-jaja, aiki yake yi. In fari ne, ko dai bai nuna ba tukuna ko kuma ba ya tsinana komai. In ya koma kore ko baƙi-baƙi, ya tsufa. Lokacin da ya fi dacewa ka duba shi ne dab da fure.

Dattijo makiyayi, Ladduga:
Yarana ne suke rubuta mini wannan, ni nake faɗa. Ina saurayi a shekarun 1980 ma'aikatan ILCA, cibiyar binciken kiwon dabbobi, reshen Kaduna, suka shigo mana da sitailo nan yankin Kachia, har su Kurmin Biri da Abet. Abin da suka koya mana shi ne a killace fili wajen hekta 4 kusa da ruga, a riƙa kwantar da shanu a ciki har su tattake shi su zuba kashi, sannan a watsa iri tare da takin supa. Irin yana da taurin ɓawo, sai an jiƙa shi a ruwan zafi kafin ya tsiro da kyau. Iri biyu na sani, Cook da Verano. Cook ya fi tsayi, amma wata cuta mai ɗiga baƙi a ganye da kara ta yi masa illa, Verano ne ya daure.

Da rani, lokacin da ciyawar daji ta bushe ta zama kara, mukan saki shanu masu ciki da masu shayarwa a ciki sa'a biyu zuwa uku a yini. Wanda ya yi haka ya san bambancin, domin saniyarsa ba ta faɗuwa a bazara, ɗan maraƙi kuma yana samun nono.

Ga abin da nake son ka ji, ɗana. Ba mu taɓa zuba wa filin nan yuriya ba. Amma bayan shekara biyu ko uku sai ciyawa ta fara yi masa yawa, tana tashi kore shar tana danne sitailon. Mun ɗauka lalacewa filin ya yi. Sai aka fahimtar da mu ƙasar ce ta ƙoshi: sitailo ya tara mata abinci, ciyawa kuma ta fi shi saurin ci. Maganin shi ne a sa shanu su kiwace ciyawar a farkon damina, ko a nome wani sashe a shuka masara ko dawa. Na shuka masara a irin wannan wuri, na kuma shuka a wurin da sitailo bai taɓa zama ba. Daga bakin shinge kana iya nuna iyakarsu da yatsa. Ƙurajen sitailo ƙanana ne ƙwarai, sun fi na wake ƙanƙanta, amma suna da yawa, sai ka duba da kyau.

Malamar gona, Samaru:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, abin da ya faɗa haka yake. Bari in ɗan ƙara bayani. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya cinsa a haka. Wasu ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙasa, rizobiyam, su ne suke shiga saiwar dangin wake, saiwar ta gina musu wannan ƙurjin. Shukar tana ciyar da su sukari, su kuma suna mayar da naitirojin na iska irin wanda za ta iya amfani da shi. Aikin ba ya son iskar oksijin mai yawa, shi ya sa ƙurjin yake yin wani sinadari ja, ɗan'uwan wanda ke cikin jininmu, yana daidaita ta. Jan da ɗan'uwanmu na Bichi yake nema ke nan.

A gonakin da nake zagayawa, abin da na fi tararwa ba rashin ƙwayoyin ba ne, yunwar fosfaros ce. Ƙasarmu ta Arewa tana da ƙarancinsa, aikin ƙurajen kuma yana cinsa sosai. Shi ya sa muke nanata supa, takin da ke ɗauke da fosfaros, a lokacin shuka. Lablab da wake da gyaɗa da Verano yawanci suna shiri da ƙwayoyin da ke ƙasarmu, ba sai an kawo musu waɗanda ake sayarwa a leda ba. Malam na Giwa, ka zuba supa kuwa? Kuma me aka shuka a wurin bara?

Mai turka, Giwa:
Ban zuba supa ba, Malama. Bara masara ce. Na bi shawarar ɗan'uwa na Bichi na haƙa da fartanya, ƙurajen sun fi yadda na zata yawa, amma ƙanana ne, rabi ja rabi fari.

Malamar gona, Samaru:
To sun kama aiki, ƙarfi ne bai ishe su ba. Supa a gindi yanzu zai ɗan taimaka, ko da yake ya fi amfani in an binne shi tun wajen shuka.

Hajiya mai awaki, Funtuwa:
Ni abin da na gani ya shafi yuriya ne. Lablab ɗina yana maƙwabtaka da masarar maigida, ruwa kuma daga wajensa yake gangarowa. Kunyoyin da ke jikin masarar sun fi kowane duhun ganye, har ina murna. Da muka haƙa, saiwarsu kusan sumul take, ƙurajen tsiraru. Can tsakiyar gona kuwa, inda yuriya ba ta kai ba, saiwa cike take da manyan ƙuraje jajaye. Shukar da ta samu a sauƙaƙe ba ta wahalar da kanta ciyar da baƙi. Tun daga nan kuɗin yuriya na masara ne, na lablab kuma supa da takin awakina.

Mai lambu, Kura:
A yi hattara, ba kowane kumburi ne alheri ba. A lambuna inda na daɗe ina tumatir na shuka wake don harawa, saiwar ta fito duk ƙulle-ƙulle, shukar kuma tana yaushi da rana ko an yi ban-ruwa. Tsutsar nan ce ta cikin ƙasa mai kumbura saiwa. Yadda nake bambantawa: ƙurjin kirki a gefen saiwa yake maƙale, ka murza da yatsa ya cire. Na cuta kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya cirewa, cikinsa kuma ba ja. Sannan duk inda ruwa ya kwanta kwana da kwanaki a fadama, ƙurajen ruɓewa suke yi, ganye ya yi rawaya.

Manomi daga Maraɗi:
Mu nan jigawa gare mu, ruwa kuma kaɗan, sitailo bai zama ruwan dare ba. Dogaronmu harawar wake da ta gyaɗa, sai gadagi da ke fitowa da kansa a gona, wanda muke tarawa mu ɗaure wa dabbobi. Na haƙa gadagi na ga ƙuraje. Na haƙa tafasa, wadda ita ma kwanso take yi irin na wake, ban ga ko ɗaya ba, domin ita ba ta yi. Don haka kar mutum ya ga fili ya cika da tafasa ya ce ƙasarsa na samun taki. Gawo kam ba sai an faɗa ba, geron da ke ƙarƙashinsa shaida ne, 'ya'yansa kuma abincin tumaki ne da rani. A shekarar da ruwa ya ɗauke tsakiyar damina, na lura ƙurajen wake su ne suke fara bushewa kafin ganye ya nuna.

Mai waken suya, Saminaka:
Game da garin ƙwayoyin da ake sayarwa a leda: ni ina amfani da Nodumax na IITA, cibiyar binciken noma da ke Ibadan, amma na waken suya ne, ba na kowace shuka ba. Abu ne mai rai, zafi da rana suna kashe shi. A inuwa nake cakuɗa shi da iri da ɗan ruwan ƙaro don ya manne, in shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi. A waken suya na ga bambanci sosai. A lablab ban ga buƙatarsa ba.

Mai noman harawa, Bichi:
Baba na Ladduga, ina da ja kaɗan, a gafarce ni. Ni shekara da shekaru ina noman wake, amma ban ga dawar da ke biyo baya ta yi irin kyan da kake faɗa ba.

Dattijo makiyayi, Ladduga:
Ɗana, ina harawar take zuwa?

Mai noman harawa, Bichi:
Kasuwa, Baba. Dami-dami nake sayarwa, har saiwa muke tugewa.

Malamar gona, Samaru:
Amsar ke nan. Mafi yawan naitirojin da ƙurajen suka tara yana hawa ne cikin ganye da kara da ƙwaya, abin da ke saura a saiwa kaɗan ne. A filin Baba shanu suna ci a wurin, suna kashi da fitsari a wurin, ganye yana zuba yana ruɓewa shekara bayan shekara. Kai kuwa takin gonarka kake ɗaurewa ka kai wa mai turka a birni. Ban ce ka daina sayarwa ba, harawa kuɗi ce. Amma ka yanka a gindi ka bar saiwar a ƙasa, ka bar ganyen da ya kakkaɓe, kuma in kana da dabbobi a gida, takinsu ya koma wannan gonar kafin saukar ruwa.