Wai kurwa da ruhi duk abu ɗaya ne?

Ɗan Fagge: Jama'a ku taya ni ji, wlh raina a ɓace yake. Ciwon baya ne ya addabe ni, abokina ya koya min zaman nan na Indiyawa da ake jan numfashi a hankali, ina tsakar gida na tanƙwashe ƙafa ido a rufe sai ga kawuna, wai "kai yaro girka ake maka ne", a gaban ƙannena fa. Alhali ilimi ne, su Indiyawa sun ce bayan jikin nan na tsoka da ƙashi akwai wani da ido baya gani, iskar rai da suke kira farana tana bin wasu hanyoyi a cikinsa wai su nadi, wasu littattafansu sun ce guda 72,000 ne. Sinawa kuma wannan iskar suna ce mata "ci", dan ita suke soka allura a wasu wurare na jiki. Mu ma ai muna da abin, kurwa kenan. Ina laifina?

Abu Sumayya: Kurwa kuma? Subhanallah. Ɗan uwa kurwa maganar maguzawa ce da 'yan bori, musulmi ruhi ya sani, shi ma Allah ya rufe ƙofar a Isra'i aya ta 85, ruhi daga al'amarin Ubangiji yake. Kawunka ya fi ka gaskiya.

Maman Ilham: Malam kar ka ce babu kurwa, ina yarinya a unguwarmu aka kama kurwar wani yaro, yana kwance yana ta kiran sunan matar, sai da aka sa ta tsallaka shi sannan ya tashi, da idona na gani.

Nas: Hajiya zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yaro har sunan liman zai kira, haka ake ɓata wa tsofaffi suna a banza.

Maman Ilham: Kai Nas sa'arka ce ni? Kurwata kur.

Nas: Yi haƙuri Hajiya, amma kin ga yanzu ni ma na zama maye kenan 😂

Baban Khalifa: Abu Sumayya kullum da gaggawa. Ai ko Ibnul Ƙayyim naku a Kitabur Ruh cewa yayi ruhi jiki ne mai haske mara nauyi, yana ratsa gaɓoɓi kamar yadda mai yake cikin zaitun, wuta take cikin gawayi. In wannan ba jikin da yaron nan yake faɗa bane to menene? Su 'yan ɗarikar Naƙshabandiyya ma suna da latifofi, wato wasu cibiyoyi na ɓoye a jikin mutum, ƙalbi, ruhi, sirri, khafi da akhfa, kowanne da gurbinsa a ƙirji, a kansu suke zikiri.

Abu Sumayya: Naku? Su wa kenan? Wato shi ba naka bane ko, madalla tunda da bakinka ka faɗa.

Baban Khalifa: Na ce naku ne saboda in ba shi ko malaminsa aka ambata ba kunnenku baya buɗewa.

Abu Sumayya: Kawo min hadisi ɗaya da ya ce akhfa tana tsakiyar ƙirji, ɗaya tak, ko mai rauni ne.

Baban Khalifa: Kai kuma kawo wanda ya ce kurwa kalmar maguzawa ce.

Malamin Hausa: Dan Allah ku tsaya, kalma ce fa kawai. Allah ma sunan da Larabawa suke kira ne tun kafin aiko Annabi, ba a jefar da shi ba. Bahaushe yana da rai yana da kurwa, rai in ya fita an mutu, kurwa kuwa a ganinsa tana iya barin mutum yana barci taje yawo ta dawo, shi yasa ake mafarki. Ku duba Zumar aya ta 42 kan karɓar rayuka a lokacin barci.

Abu Sumayya: Yanzu sunan Allah kake haɗawa da kurwa? Malam ka goge wannan.

Auwal Waya: Ni dai turawa ma sun auna, giram 21 ne nauyin rai, har hotonsa an ɗauka a Rasha.

Nas: Auwal wani likita ne a Amurka, Duncan MacDougall, a 1907, mutum 6 kacal ya ɗora a sikeli suna gargara kuma a mutum ɗaya ya samu 21 ɗin, sauran basu zo daidai ba. Hoton kuma dabarar wani mutum ce a Rasha mai suna Kirlian tun 1939, wutar lantarki mai ƙarfi ake sakarwa abu sai haske ya kewaye shi, ko kwabo ka ajiye zai yi, kwabo yana da kurwa ne?

Auwal Waya: Kai dai komai sai ka musa, haka kayi ranar maganar aljanun kan hanyar Zariya.

Maman Ilham: Rabu dashi, bokon nan ne, har yanzu bai ban haƙuri da kyau ba.

Ɗan Fagge: Ni fa kawuna nake ƙara.

Baban Khalifa: A matsayina na admin bari in taƙaita dan dare yayi. An tabbatar da cewa ruhi jiki ne mai ratsa jiki kamar yadda manyan malamai da waliyyai suka faɗa, wanda ya zo da musu kuma an nemi hujjarsa kan maguzawa har yanzu shiru. Maganar Hajiya abin dubawa ce, su Nas sai a rage raina manya. Ɗan Fagge kaje ka baiwa kawu haƙuri, in numfashin kake so kazo zawiya ranar Juma'a da yamma. Na rufe.

Abu Sumayya: Hadisin akhfa fa?

Baban Khalifa: Na ce na rufe.