Aikin kanti a Kasuwar Dole: in sa kwanakin rubuta gwaji cikin kuɗin aiki?

Ɗan Zango: Salamu alaikum ƴan uwa. Wani Alhaji mai sarin shinkafa da man girki a Kasuwar Dole ta Damagaram ya ba ni aikin manhajar lissafin kaya da rasit, sati shida. Yaren rubuta manhaja na PHP zalla na iya, amma ina son komawa Laravel, tsarin da aka gina kan PHP, saboda gwajin duba kurakuran manhaja da ke zuwa cikinsa: ka rubuta sau ɗaya, ka buga php artisan test, ya bi maka komai ya duba. Sai dai rubuta gwajin zai ci mini sati guda. In sa shi cikin kuɗi ko in haƙura da shi?

Bawan Allah: WordPress. Kwana uku ka gama.

Ɗan Zango: Malam, lissafin buhuna na ce, ba shafin labarai ba.

Ƴar Birni: Ƙanena ka koyi Django, wani tsarin gina manhaja irin Laravel. Tun 2005 yake. In ka sa shi gwaji, rumbun bayanai daban yake ginawa, ya yi aikinsa can, ya rushe. Na gaske ko taɓa shi ba ya yi.

Tsohon Hannu: Bari in ba ku nawa. Bara na yi wa wani mai kanti irin wannan aiki, ba gwaji ko ɗaya. Yaransa da dala suke ƙirga, sai na sa musu gurbin da za su rubuta dala, manhaja ta ninka sau biyar ta maida sefa. Lafiya lau. Bayan wata huɗu ya ce in ƙara masa harajin TVA, kashi 19. Da dare na gyara, na duba rasit guda na kwanta. Ashe wurin ragin farashi ninkin nan na biyar sau biyu manhaja ke yin shi. Wanda aka yi wa ragin dala ɗari, wato 500, sai rasit ta cire masa 2.500. Kwana tara ana haka! Ranar Alhamis, kasuwa ta cika, ya kira ni gaban mutane ya ce na haɗa baki da yaransa. Wallahi har yau ba na bi ta layin nan. Gwaji layi biyar da ke cewa dala ɗari dole ta ba da 500, da tun daren nan ya kama ni.

Bawan Allah: Allah sarki. Aƙalla masu saye sun yi maka addu'a.

Ƴar Birni: Nawa ma ya biya ka?

Tsohon Hannu: Jikka ɗari da hamsin.

Injiniya: To ai shi ke nan. Aiki irin wannan da gwajinsa, ƙasa da jikka ɗari takwas ba na buɗe kwamfuta.

Mai Shayi: Jikka sittin na yi wa wata makaranta, shekara biyu manhajar ba ta yi tari ba.

Injiniya: Ba ta yi tari ba, ko ba a gano ba tukuna?

Tsohon Hannu: Injiniya, kai a Yamai kake, ƙungiyoyi ke biyan ka. Zo Damagaram ka ce wa Alhaji ya biya kuɗin abin da ba zai gani a allo ba.

Injiniya: Yaya, da girmanka, wanda aka kira gaban kasuwa ne zai koya mana farashi?

Ƴar Birni: Haba, ku bari. Ɗan Zango, in Laravel ɗin ka ɗauka, duba fayil ɗin saitin gwaji, phpunit.xml, kafin ka taɓa RefreshDatabase, mai sabunta rumbun bayanai don gwaji. In yana kallon rumbun gaske, share shi zai yi tas.

Mai Shayi: Ni duk wannan bai dame ni ba. Cikon kuɗi fa? Makarantar nan har yanzu jikka ashirin nake bin su, kullum sai "ka dawo bayan salla".

Tsohon Hannu: Ni ma mai kantin ya riƙe mini jikka talatin, wai diyya.

Bawan Allah: Ku rubuta gwajin da ke duba ko Alhaji ya biya.

Ɗan Zango: Jama'a, sati gudan fa? Gobe da hantsi zan kai masa farashi.

Mai Shayi: Rabi ka karɓa tun kafin ka fara. A'a, kashi biyu cikin uku.